Gidan Kawsan a Agadas: wa zai tsare shi?

Daura da babban masallacin Agadas akwai wani gidan ƙasa mai bene da ƴan gari da baƙi suka sani da sunan Hôtel de l'Aïr. Kafin ya zama otel kuwa, fada ce da aka gina domin Kawsan.

A watan Disamba na 1916 ne Kawsan ya shigo Agadas da mayaƙansa da goyon bayan ƴan Sanusiyya. Sarkin Abzin Tagama ya ba shi hannu, suka yi wa barikin sojan Faransa ƙawanya. Ranar 3 ga Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar. Nasara suka huce haushinsu a kan mutanen gari, suka karkashe jama'a, har da malamai. An kashe Kawsan a Murzuk cikin 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Damagaram cikin 1920. Ke nan mai gidan bai more gidansa ba.

Daga baya gidan ya koma masaukin baƙi. A shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa Agadas, jikokin waɗanda Kawsan ya yaƙa ne ke hawa soron gidansa suna ɗaukar hoton hasumiya. Dillalai, maƙeran azurfa da direbobin hamada sun ci abinci a bakin ƙofarsa. Tawayen 1990 ya rage baƙin, na 2007 da sace Turawa a Arlit cikin 2010 suka kusan ƙarasa su.

Abin tambaya a nan: in baƙo ya daina zuwa, gidan ya daina daraja ke nan? Ɗan lakkal na haddace sunan Kawsan domin jarrabawa, alhali da wuya a nuna masa inda mutumin ya zauna. Wasu za su ce yaƙin Kawsan wahala ya jawo wa Abzin, ya kassara ayarin fatake. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata a tsare gidan, domin a faɗi tarihin duka, daɗinsa da ɗacinsa.

Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma takarda ba ta yaɓe. Ginin ƙasa yana son magina kowace shekara kafin damina. Ruwan 2024 ya rushe wani tsohon masallaci a Damagaram, gargaɗi ya isa.

Ma'aikatar al'adu da magajin garin Agadas su ware kuɗin gyara cikin kasafin shekara, su daidaita da masu gidan a keɓe ɗaki guda na tarihi da rubutu cikin Hausa da Tamajak. Attajiran da kakanninsu suka yi arziki da gishirin Bilma su ma su sa hannu a aljihu. In aka tsaya jiran kuɗin waje, ranar da bango ya faɗi sai dai a aika da tawagar jaje.