Kafin a ce sammu ne, a auna fitsarinta



Yau maganata a kan wata cuta ce da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, amma mun sha ganin aikinta cikin gidajenmu. Likitoci na ce mata lupus. Ni ma sai da ta shigo gidan surukaina na san ta.

Ƙanwar matata ce, tana da shekara 24 lokacin da abin ya fara. Gaɓoɓi na ciwo, zazzaɓi ya zo ya tafi, gajiya ba ta ƙarewa. Mai kitso ce ta fara lura gashinta na zuba. In ta shiga rana, sai kumatunta da karan hancinta su yi ƙuraje su yi duhu. Sau uku anka yi mata maganin zazzaɓin sauro. Daga nan anka ce taifod ne, anka koma sanyi ne. Da abin ya ƙi, tun da tana da kishiya, kowa ya san inda magana ta nufa. Anka shiga hayaƙi da jiƙo, ita kuwa kullum tana aiken yaro wurin mai tebur ya sayo mata diclofenac don ta samu ta yi daka. Fiye da shekara ana haka.

Sai da ƙafafunta sunka kumbura, takalmi ya daina shiga, fuska ta riƙa tashi da safe, sannan anka kai ta Maradi. Likitan ya yi mata wata tambaya da ba wanda ya taɓa yi mata: fitsarinki na kumfa? Ta ce wallahi ya yi watanni kamar ruwan omo. Anka auna fitsarin, anka tarar ƙodarta ta daɗe tana yoyo. Yau tana shan magani, tana aikinta, amma wani ɓangare na ƙarfin ƙodar ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

To mene ne lupus? Allah Ya yi muna garkuwar jiki, sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A wagga cuta sojojin ne ke ruɗewa, su juya kan jikin da suke tsaro: fata, gaɓoɓi, jini, zuciya, ƙoda. Ba a ɗaukarta wurin wani, ba ta bin kwano ko shimfiɗa. Cikin mutum 10 masu ita, kusan 9 mata ne, galibi daga shekara 15 zuwa 45, wato shekarun aure da haihuwa. Kuma binciken likitoci a Amurka da Ingila ya nuna ta fi kama baƙar fata, ta fi kuma yi musu tsanani.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda, su ke tace jini, su fidda datti cikin fitsari su bar abin amfani. Lupus na kumbura matatan nan, su zama kamar rariyar da ta yage, sai furotin na jini ya riƙa zubewa cikin fitsari. Shi ne kumfar nan. Kusan rabin masu lupus cutar na taɓa musu ƙoda, mafi yawa cikin shekara 5 na farko. Mugun abin shi ne ƙoda ba ta ciwo lokacin da take lalacewa. Gwiwa in ta yi ciwo za ta hana ka barci, ƙoda kuwa shiru take yi har aiki ya yi nisa. Mawaƙiyar nan ta Amurka, Selena Gomez, da duk kuɗinta da likitocinta, sai da anka yi mata dashen ƙoda a 2017 saboda lupus. To ina ga ɗiyar talaka a ƙauyen Gobir?

Ra'ayina shi ne, duk macen da ta yi watanni tana fama da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko zubar gashi, ko gyambon baki, ko kumburi, a auna fitsarinta kafin a sake rubuta mata wani kinin, kuma kafin a ɗora ma wata baiwar Allah laifin sammu. Awon nan ba wani babban aiki ba ne. Ɗan siririn tsinke ne da ma'aikatan lafiya ke ce ma bandelet, irin wanda ake yi ma mata wurin awon ciki. A tsoma shi cikin fitsari, minti ɗaya ko biyu launinsa ya nuna ko akwai furotin ko jini. A haɗa da awon hawan jini. In an ga alama, a tura ta Maradi a auna kireyatinin na jini, likita ya ci gaba da bincike.

Na san wani zai ce: malam, muna fama da zazzaɓin sauro da tamowa, kai kana kawo muna cutar da ba kowa ke da ita ba. Gaskiya ne lupus ba ta kai su yawa ba. Amma tsinken nan ba lupus kaɗai yake tona ma asiri ba. Yana nuna ƙodar da ciwon suga ko hawan jini ya fara ci, yana nuna mai cikin da ke kan hanyar jijjiga. Wani kuma zai ce, in an gano ma ina kuɗin magani? Sai mu auna biyun. In an kama da wuri, ƙwayoyi ne: hydroxychloroquine, ƴar'uwar kolorokin da munka sani, da prednisone, da wasu masu kwantar da garkuwar jiki da likita ke zaɓa. In an makara, wankin ƙoda ne, sau biyu ko uku duk mako, awa huɗu kan na'ura, har iya rayuwa. Iyalai nawa munka gani sun sayar da gona da bisashe suna jigila zuwa Yamai ko Damagaram ko Kano? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku maza, ƴan'uwana, mu ke riƙe da kuɗin mota da izinin fita. Matarka ta ce jikinta ba daɗi wata da watanni, kada ka ce raki ne ko ƙyuyar aiki. Kai ta da kanka. Ban hana kowa addu'a ba, mu yi ta dare da rana, amma a yi ta tare da awo. Neman magani ai umarni ne na addininmu.

Ku iyayenmu mata, ku daina ba mai kumburi jiƙon da ba ku san abin da ke ciki ba, ku rage mata gishiri da kanwa. Diclofenac da ibuprofen na mai tebur suna kwantar da ciwon gaɓoɓi, amma suna ƙara kashe ƙodar da ta riga ta raunana.

Ke kuma ƴar'uwa da anka tabbatar miki da lupus, cutar na lafawa ta sake tashi, ba a warkewa kwata-kwata, amma ana zama da ita shekaru masu yawa lafiya lau. Kada ki aje magani don kin ji sauƙi, musamman prednisone, ba a yanke shi lokaci guda. Ki guji zafin rana, ki rufe jikinki in za ki gona ko rijiya. Kuma ki yi shawara da likita kafin ɗaukar ciki: ana son cutar ta yi wata 6 a kwance, sannan wasu magungunan, irin su mycophenolate, suna illa ga jariri, sai an canza su. Masu lupus na haihuwa, kada wani ya ce miki aurenki ya ƙare.

Daga ƙarshe ina roƙon majojinmu na CSI da hukumomin lafiya na jihar Maradi: ku tabbatar bandelet bai yanke ba, kuma ku ƙara tambaya guda cikin tambayoyinku, ko fitsari na kumfa. Da an yi ma ƙanwar matata wagga tambaya shekara guda kafin ranar, da yau ƙodarta na da ƙarfinta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Amin.