Zelda: Wasan Da Ya Ƙi Tsufa

A shekarar 1986 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasan kwamfutan nan mai suna The Legend of Zelda. An daɗe da daina ƙera na'urarsa ta asali, amma har yau ana bugawa. Ko me ya jawo haka?

Ba dai kyawun hoto ba, domin da ƙyar ake gane fuskar Link, jarumin wasan. Labarin ma bai wuce tatsuniya ba, watau Ganon ya tsare Gimbiya Zelda, sai an je ceto.

Asirin shi ne, ana jefa mai wasa cikin ƙasar Hyrule hannu rabbana, babu ja-gora, ko takobi sai ya leƙa wani kogo tukuna wani tsoho ya miƙa masa. Ya ɓata, ya dawo, ya ƙona itace ya tarar da matakala a ƙarƙashi. Shigeru Miyamoto, jagoran masu tsara wasan, da irin wannan yawo ya tashi a dazuzzukan Sonobe kusa da Kyoto.

Wasanni da yawa daga baya sun koma jan mutum kamar makaho. Da kamfanin ya fitar da Breath of the Wild a 2017 kuwa, sai ya sake sakin mai wasa a daji, ya kama gabansa.