Bidiyon waya na sarƙewa a kwamfuta: an bar jaki ana dukan taiki

An dawo daga biki, an tura bidiyon kamu daga waya zuwa laftof ɗin gida domin kowa ya kalla a allon da ya fi girma. A waya bidiyon yana tafiya sumul. A kwamfuta kuwa hoto ya tsaya cak, murya ta yi gaba abinta, fanka ta kama ƙara. Nan take ake yanke hukunci: kwamfutar ta tsufa, ko kuma bairos ya shige ta. Washegari a kai ta wurin mai gyara, a yi mata fomatin, wani lokaci har a ƙara ram. Kuɗi sun tafi, wataƙila da wasu fayilolin da ba a adana a wani wuri ba, bidiyon kuma yana nan yana sarƙewa kamar jiya.

Wannan asara ce da za a iya kauce mata. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. Matsalar ta taso ne daga yadda waya ta naɗe bidiyon, kuma maganinta yana cikin saitin wayar da manhajoji biyu na kyauta.

Hoto guda na bidiyon 1080p yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2, kuma ana nuna irinsa 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Na 4K ya ninka haka sau huɗu, sama da ɗigo miliyan 8. Babu wayar da za ta iya ajiye wannan lodi yadda yake, dole ta matse shi. Tsarin matsewar shi ake kira kodek. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne H.264, wanda aka fitar a 2003, kuma kusan duk kwamfutar da ke aiki a gida yau ta iya shi. A 2013 aka fitar da H.265, wanda aka fi sani da HEVC. Yana iya rage girman fayil da kusan rabi ba tare da hoto ya lalace ba, sai dai warware shi ya fi wuya nesa ba kusa ba. Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone 7 da waɗanda suka biyo bayanta suna naɗar bidiyo da HEVC, sai in mai wayar ya canza. Wayoyin Android da dama su ma suna da shi a saitin kyamara.

Waya tana da wani ɓangare na musamman a cikin injinta wanda aikinsa kawai warware irin wannan bidiyo, shi ya sa ba ta ko gezau. Kwamfutoci masu furosesar Intel ba su sami cikakken irin wannan ɓangare na HEVC ba sai a zubi na 6, wanda ya fito a 2015. Bidiyo mai zurfin launi, irin na HDR da iPhone 12 ta fara naɗa a 2020, sai zubi na 7 zuwa sama. Laftof ɗin hannu da suka cika gidaje, irin su HP EliteBook 840 G1 ko Lenovo ThinkPad T430, zubi na 4 ne da na 3. Idan aka ba su HEVC, furosesa ce ke ɗaukar dukkan nauyin ita kaɗai, ta yi zafi, ta gaza. Fomatin ba zai dasa mata abin da ba a ƙera ta da shi ba. Ƙarin ram ma haka.

Gane zubin kwamfuta ba shi da wuya. A lambar furosesa irin i5-4300U, lambar farko bayan layin, wato 4, ita ce zubin. Akwai kuma gwajin minti biyu da ya kamata a yi kafin a fitar da ko sisi. A kunna bidiyon, a danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager. Idan CPU ya haura kusan kashi 100 alhali Memory na da sauran fili, an kama ɓarawon: warware bidiyon ne ya fi ƙarfin furosesa, ram ba ta da laifi.

Gyaran ya fi sauƙi idan an faro shi daga waya. A iPhone, a shiga Settings, sannan Camera, sannan Formats, a zaɓi Most Compatible, bidiyon da za a ɗauka nan gaba zai zo da H.264. A Android a duba saitin kyamara, a kashe zaɓin da ke ɗauke da sunan HEVC ko High efficiency. Ya kuma kamata a daina ɗaukar komai a 4K don kawai wayar ta iya. Yawancin tsofaffin laftof allonsu 1366 ne sau 768, bai ma kai 1080p ba. Kwamfutar za ta sha wahalar warware ɗigo miliyan 8, sannan ta zubar da mafi yawansu domin allon ba zai ɗauka ba.

Bidiyon da aka riga aka ɗauka kuma, manhajar HandBrake ta kyauta tana mayar da shi H.264. A zaɓi Fast 1080p30, a bar ta ta yi aikinta. Za ta ɗauki lokaci a tsohuwar kwamfuta, amma sau ɗaya ne. Idan kuma bidiyon ƙin buɗewa yake yi gaba ɗaya, ko murya kawai ke fita, to Windows ce ba ta da kodek ɗin. VLC, ita ma kyauta, tana zuwa da nata. Sai dai VLC buɗe ƙofa kawai take yi, ba ta ƙara wa furosesa ƙarfi. Haka nan a kwafe fayil zuwa cikin kwamfuta kafin a kunna, domin kunna shi kai tsaye daga filas mai arha yakan jawo tsinkewa.

YouTube nata labarin daban ne. Idan da'ira tana juyawa a tsakiyar allo, intanet ce ta yi rauni. YouTube da kanta tana ba da shawarar gudun megabit 5 a daƙiƙa domin 1080p, da 20 domin 4K. Idan kuwa bidiyon ya gama lodi amma hoto na tsalle, kodek ne kuma: YouTube tana yawan aiko da VP9 ko AV1, kuma Intel ba ta saka ɓangaren warware AV1 ba sai a zubi na 11, a 2020. A danna dama a kan bidiyon, a zaɓi Stats for nerds, za a ga sunan kodek da adadin hotunan da suka zube. Rage inganci zuwa 720p yakan wadatar, yana kuma rage cin data.

Zafi da wuta su ma suna da hannu. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, ɗora laftof a kan katifa ya ƙarasa toshe ta, furosesa kuma ta rage gudu domin kare kanta. Idan an ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, Windows takan rage ƙarfi domin caji ya daɗe. Bidiyon da ya sarƙe a batir ya cancanci a sake gwada shi da caja a jone.

Gaskiya ne wannan hanya tana da farashinta. H.264 ya fi cin wuri a waya, kuma iPhone ba ta ɗaukar 4K mai hoto 60 a daƙiƙa sai da HEVC. Mai sana'ar ɗaukar biki ko haɗa bidiyon TikTok da YouTube ba zai yi ta jiran HandBrake kullum ba, yana buƙatar kwamfutar da ta dace da aikinsa. Ga shi kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Waɗannan dalilai ne na gaske na sauya kwamfuta, kuma sun bambanta da bidiyon biki guda da ya ƙi tafiya.

Ko ranar sayen ta zo, wannan sanin ne zai tsare aljihu. A kasuwa ana tallar laftof da sunan Core i7 kamar shi ke nan magana ta ƙare. Amma a wajen kunna bidiyon wayar zamani, Core i3 zubi na 8 ya fi Core i7 zubi na 3. Mai saye ya nemi a nuna masa cikakkiyar lambar furosesa, ya kuma je da bidiyon da ya ɗauka da wayarsa a cikin filas, a kwafa a kunna a gabansa kafin ya biya.