Ƙwallo Ta Bi Ta Ƙofar Makaranta

Muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da ma'aikatan hukuma na ƙasar Karaye da Rogo ga wata al'ada da ta kama samarinmu, watau barin aji domin neman arziki a filin ƙwallo. Sunan da yawancinsu ke ambata shi ne Sani Kaita, haifaffen Kano. Daga ƙungiyar Kano Pillars ya tashi, ya tafi Sparta Rotterdam ta ƙasar Holan a 2005, ya sami lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2008, ya kuma buga wa Nijeriya gasar duniya a 2010. Lalle wannan abin alfahari ne. Amma Kaita guda nawa ne? Dubban yara sun bi wannan hanya, ba su sami ƙwallon ba, ba su kuma sami takardar shaida ba.

Sai mu duba yadda mutanen Amurka suka tsara nasu. Suna da wata irin ƙwallo mai siffar ƙwai wadda ake jifa da hannu, jagoran 'yan wasa kuwa shi ne mai jifar, suna ce masa kwatabak. A can ba a ɗaukar saurayi wasan kuɗi sai ya shekara 3 da barin sakandare, saboda haka kusan kowa ta jami'a yake bi, in kuwa ya faɗi jarrabawa sai a hana shi wasa.

Ga misalin Jalen Hurts. Ya shiga Jami'ar Alabama a 2016, nan da nan ya zama kwatabak. A watan Janairu na 2018, ana tsakiyar wasan ƙarshe na jami'o'i, aka fitar da shi aka sa ƙaramin ɗalibi a matsayinsa. Bai yi fushi ya bar makaranta ba, ya zauna shekara guda yana mataimaki har ya karɓi digirinsa. Sa'an nan ya yi wasa a Jami'ar Oklahoma a 2019, ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a 2020, ya ƙara digiri na biyu a 2023, kana ya ci babban kofin ƙasarsu a 2025. Da ƙwallon ta ƙi shi, da yana da abin kamawa. Wannan kuwa shi ne amfanin tsarin, domin cikin 'yan wasan jami'o'insu waɗanda ke kai wa ga wasan kuɗi ba su kai 2 cikin 100 ba.

Wasu iyaye za su ce wasa shi ke ɓata karatu. Gaskiyarsu, in an bar shi a kan titi ba mai tsawatawa. Amma in wasan yana hannun malami, sai ya zama igiyar jawo yaro aji.

To, ga shawararmu. Tun 2024 masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomi 2, Karaye da Rogo. Ya kamata su haɗa kai su sa kofi ɗaya tsakanin makarantunsu kowace shekara, bayan an kawar da amfanin gona. Sharaɗi guda ne: kada yaro ya taka fili sai rajistar aji ta nuna yana zuwa, kuma ya ci jarrabawar zangon. Hedimastoci su sa hannu, magatakarda su binciki takardun. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin ƙwallo da riguna da mota ba.

Ƙwallo sana'ar ƙuruciya ce, ƙafa guda in ta karye shi ke nan. Ilmi kuwa yana tare da mai shi har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba malamai ikon ɗaukar wannan nauyi, amin.