Ina 'Ya'yan Karaye Da Suka Yi Ilmi?

Jama'ar Karaye da Rogo sun ga sauyin zamani da idonsu. A 2019 Gwamnatin Kano ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke dokar, sa'an nan aka maido da masarautar da daraja ta biyu. Darasin da muka ɗauka shi ne, abin da doka ta bayar doka na iya karɓewa. Ilmin da yaro ya samu kuwa, babu majalisar da za ta zauna ta soke shi.

Shugabanninmu na farko sun gane haka. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa a 1909, da Kwalejin Katsina ta 1922, su suka fara fitar mana da malamai da ma'aikatan En'e. A Katsina Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma da koyarwa suka soma aiki, ɗaya a Midil ta Sakkwato, ɗaya a ta Bauci. Da Sardauna ya tashi sa 'yan Arewa a ofisoshin Arewa, sai ya kafa jami'a a Zariya a 1962, don ya san kujera ba ta riƙuwa sai da sani.

To, yau fa? A da hakimi ke aikawa a nemo yara, iyaye na ɓoye su. Yanzu iyaye ke kawo su da kansu, sai su tarar aji ya cika, malamai sun yi ƙaranci. Wanda ya yi sa'a ya kai jami'a kuwa, Kano ko Abuja ta riƙe shi, sai Salla a gan shi. Watau ya zama kamar ruwan madatsar Challawa da aka gama a 1992: a ƙasar Karaye yake taruwa, sa'an nan ya gangara Kano da Haɗeja.

Ba laifi mutum ya nemi abincinsa inda Allah Ya ajiye masa. Amma muna roƙon kowane ɗan Karaye mai albashi ya ɗauki nauyin karatun yaro guda na ƙauyensu, musamman 'ya mace, har ta gama sakandare. In ya zo hutu ya leƙa firamaren da ta yaye shi, ya ji kukan hedimasta. Hukuma kuma ta gina wa malaman ƙauye gidaje, don wanda aka tura ya zauna.

Faɗin "mu 'yan Arewa ne" ba ya koya wa yaro baƙi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane, amin.