In Za Ka Malesiya, Zaɓi Masauki Kafin Ka Zaɓi Jirgi



Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, daren jiya bayan sallar isha'i wani dattijon unguwarmu a nan Kubwa ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, an ce ka san Malesiya. 'Yar wajena ta samu gurbin karatu a can, ni da uwarta za mu raka ta. Ina ne wuraren gani?" Na ce, "Alhaji, a ina za ku sauka?" Ya ce ai wannan ejan ya gama da shi. Nan fa gabana ya faɗi, domin irin amsar da ni ma na bayar ke nan a tafiyata ta farko, na kuma ji a jikina.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda zai je waccan ƙasa, unguwar da ya sauka ita za ta yanke masa abin da zai gani, da abin da zai ci, da irin labarin da zai dawo da shi. Mu da muka baro garuruwanmu muka zauna a Abuja bai kamata sai an gaya mana wannan ba. Wanda ya yi mako guda a otel a Maitama, da wanda ya yi mako guda a gidan ɗan'uwa a Nyanya yana kokawar mota da asuba, in suka koma gida aka tambaye su yaya Abuja, sai ka rantse garuruwa biyu suka je. Kakanninmu fatake sun san haka, shi ya sa ba a kama hanyar Gwanja sai an san zangon da za a yada da fatoman da zai karɓi baƙi. Mu kuma yanzu mun damƙa wannan babban al'amari a hannun yaron da ke zaune gaban kwamfuta, wanda shi kansa bai taɓa taka ƙasar ba.

Abin da ya same ni

Na je ne bikin kammala karatun ɗan yayana, ni da maiɗakina. Ejan ya kama mana ɗaki a wani ƙaramin otel a yankin Bukit Bintang, ya ce tsakiyar gari ne, ga araha. Bai yi ƙarya ba, tsakiyar gari ne. Abin da bai sani ba shi ne layin da ke ƙarƙashin tagarmu na mashaya ne daga farko har ƙarshe. Kiɗa ba ya tsayawa sai wajen ukun dare, ga bambancin awa 7 tsakaninmu da su ya riga ya birkita mana barci. Hajiya ta ƙi fita bayan magariba, ta ce ba da ita ba. Kwana huɗu muka yi a haka, kuɗi sun riga sun shiga, ba a mayarwa. Da a ce daga nan muka juyo gida, da na zauna a majalisa ina rantsuwa cewa Malesiya ƙasar shashanci ce. Ashe kuwa in ka ɗauki jirgin ƙasa na cikin gari, 'yan mintuna kaɗan za su kai ka Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa mai gidajen katako da masallaci da masu sayar da abinci a bakin hanya har dare, inda mace za ta fita da hijabinta ba wanda zai ɗaga kai ya dube ta.

Kuala Lumpur

Kowa ya sauka a filin jirgin sama da ke Sepang, akwai jirgin ƙasa mai sauri da zai kai shi tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa. Shawarata ga mai iyali ita ce ya nemi masauki kusa da wannan tasha, ko a yankin Jalan Tuanku Abdul Rahman da Masjid India. Na farko don layukan jirgi da yawa a nan suke haɗuwa. Na biyu don nan ne kasuwar yadi da gyale da hijabi, wato Kantin Kwarinsu, kuma Hajiya ba za ta yafe maka ba in ka hana ta zagaya shi. Mai harkar waya da kwamfuta zai so kusa da Low Yat Plaza, to wannan a Bukit Bintang yake, kuma a yankin ne gidajen abincin Larabawa suke. Saboda haka ban ce a ƙaurace wa unguwar ba, na dai ce a duba layin da otel yake a taswira kafin a biya. Masu raka ɗalibi zuwa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, su sani tana Gombak ne a gefen gari. Kwana biyu a can sun isa a gama rajista, a gaisa da 'yan'uwanmu ɗalibai, a ci tuwo in an samu, sannan a matsa. Na ga mutanenmu da suka yi mako biyu cur a ɗakin ɗalibai suna hirar siyasar Kano, suka dawo ba su ga komai ba sai junansu.

Tagwayen benayen Petronas kam dole a je, ko don hoton da yara za su tambaya. Hawa 88 ne, tsawonsu mita 452, su ne suka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. A yau ko a cikin garin ma an fi su, domin ginin Merdeka 118 da aka buɗe a 2024 ya kai kusan mita 679. Amma awa guda ta ishe ka a can. Inda na fi so mutum ya kashe yininsa shi ne Gidan Tarihin Fasahar Musulunci, daura da Babban Masallacin Ƙasa da aka gina a 1965. A nan za ka ga Alƙur'anai rubutun hannu daga ƙasashe daban-daban, da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya. Daga nan ka gangara Masjid Jamek na 1909, a daidai inda kogin Klang ya haɗu da kogin Gombak. Daga wannan mahaɗa garin ya samo suna, ma'anarsa mahaɗar ruwa mai taɓo.

Putrajaya, ƙanwar Abuja

Duk mazaunin Abuja ya kamata ya je Putrajaya, kimanin kilomita 25 kudu da Kuala Lumpur. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina, kamar namu. Mu mun tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, su kuma ofishin firaministansu ya koma can a 1999, sai dai majalisar dokoki da sunan babban birni sun ci gaba da zama a Kuala Lumpur. Ka je da yamma, ka yi sallah a Masjid Putra mai ƙubba ruwan hoda a bakin tafki, ka dubi fitilun kan titi da magudanan ruwa, ka tuna da Area 1 bayan an ɗauke ruwan sama. Ban ba ka shawarar kwana a can ba, domin da ma'aikata sun tashi garin yakan yi tsit kamar sakatariyarmu ranar Lahadi.

A fita daga babban birni

A nan ne na fi samun saɓani da mutanenmu. Za a kashe miliyoyin naira a tikiti, a bi ta Addis Ababa ko Doha tunda babu jirgin kai tsaye, sannan a ji ƙyashin kuɗin motar awa biyu zuwa Melaka. Alhali Melaka ce tushen labarin. Daula ce ta Musulunci da ta riƙe mashigin tekun da jiragen fatauci ke bi tsakanin Indiya da Sin, har Turawan Fotugal suka ci ta da yaƙi a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, Ingila ta karɓa a 1824. Masallacin Kampung Hulu na 1728 yana nan ana sallah a ciki, rufinsa hawa-hawa ne babu ƙubba, sai ka ɗauka ba masallaci ba ne. Ka sauka a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen bakin kogi da aka mayar masaukin baƙi, kwana ɗaya ko biyu, komai za ka iske shi da ƙafa.

Sai George Town a tsibirin Penang, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tare da Melaka a 2008. Jirgin ƙasa zai kai ka Butterworth cikin kamar awa huɗu, ka tsallaka da jirgin ruwa. Ka nemi masauki a cikin tsohon gari, kusa da masallacin Kapitan Keling. A bayansa kaɗan akwai layin Lebuh Acheh da masallacinsa na 1808, inda maniyyata daga sassan yankin suke taruwa su jira jirgin ruwan Jidda, har ake kiran wurin Jidda ta biyu. Da na tsaya a layin nan sai kakanninmu suka faɗo mini, waɗanda suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa har Sawakin, wasu suka shekara bakwai a hanya, wasu suka zauna can har yau jikokinsu na nan. Abincin garin da ake kira nasi kandar, shinkafa ce da ake kwarara wa miya kala-kala, Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba.

Mai son sanyi ya hau Cameron Highlands, tsaunuka masu tsayin kusan mita 1,500, ya sauka a garin Tanah Rata, ya ga gonakin shayin BOH da aka fara tun 1929. Wanda ya san Mambila zai ji kamar yana Gembu, sai dai hanyar ta fi kyau. Kada a ruɗe ka da Genting a ce ai shi ma tsauni ne, can gidan caca ne ya fi shahara. Mai son teku kuma ga Langkawi, tarin tsibirai 99. Sai dai tun 1987 aka ɗauke wa wurin harajin kaya, saboda haka giya ta yi araha, kuma bakin ruwan Pantai Cenang ya fi cika da masu wankan rana. Mai iyali ya matsa Pantai Tengah ko garin Kuah. Wanda kuma yake son ganin Malayawa a cikin gidansu, ya je Kota Bharu a jihar Kelantan, inda hutun mako yake Juma'a da Asabar, ya shiga kasuwar Siti Khadijah wadda akasarin masu rumfunanta mata ne. Amma a guji wannan gaɓar ta gabas daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ruwa ne kamar da bakin ƙwarya.

Labarin kwakwar manja

A kan hanyar waɗannan garuruwa za ka yi ta wuce gonakin kwakwar manja har idonka ya gaji, kuma na san abin da za ka ce, domin kowace majalisa a Nijeriya ana faɗinsa: wai a wajenmu suka karɓi iri bayan mun samu 'yanci, ga shi sun wuce mu. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, kuma masu bincikensu sun zo Nijeriya sun ɗebi iri a shekarun 1970, wannan haka ne. Amma tun 1848 aka dasa shi a lambun Bogor da ke tsibirin Java, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an buɗe ta a Tennamaram a 1917. Wato ba sace mana arziki aka yi dare ɗaya ba, shekara ɗari suka yi suna noma da bincike. Wanda bai bar Kuala Lumpur ba ba zai ga wannan da idonsa ba.

Kafin a tashi

Ɗan Nijeriya na buƙatar biza, kuma ofishin jakadancinsu yana nan Abuja, don haka ka bi sawun takardunka da kanka. Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka cike takardar shiga ƙasa ta intanet cikin kwana uku kafin isa. Otel zai karɓi harajin ringit 10 a kowane dare daga baƙon waje, ba cuta ba ce, doka ce tun 2017. Ka duba tambarin halal na hukumar JAKIM a gidan abinci, domin ƙasar akwai 'yan asalin Sin da Indiya da yawa da ba Musulmi ba. A rufin ɗakin otel galibi za ka ga kibiyar alƙibla, kuma manyan kantuna suna da ɗakin sallah da suke kira surau. Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, kada ka ce ya yi kuskure. Na ƙarshe kuma mafi girma, kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya haɗa ka da Allah. Safarar ƙwaya a can na iya kai mutum ga rataya, duk da cewa tun 2023 an bar wa alƙali zaɓi. Wasu 'yan ƙasarmu sun riga sun ɓata mana suna, za ka gane haka daga yawan tambayoyin jami'an shige da fice. Ka amsa da haƙuri, ka nuna takardar masaukinka da tikitin komawa.

Wani zai ce, Malam, da wannan tsadar canji wa ke da kuɗin zagaya gari biyar? Gaskiya ne, ni ma ban ce a zagaye duka ba. Wanda ke da kwana goma ya ba Kuala Lumpur huɗu, ya zaɓi biyu daga sauran. Sau da yawa ma ɗaki a Melaka ya fi na babban birni sauƙi.

Yau da asuba na kai wa Alhaji takarda da sunayen unguwanni uku, na ce ya kai wa ejan ɗinsa ya zaɓa daga ciki, kuma kada ya biya ko kwabo sai 'yarsa ta nuna masa layin a taswirar waya. Ya ce, "Malam, ai ka tsorata ni." Na ce, "Gara yanzu, Alhaji." Allah Ya kai su lafiya, Ya ba yarinya sa'ar karatu, mu kuma Ya sa mu dace. Sai wani jiƙon, wassalam.