Wai Jikin Yaro Zai Saba da Tsutsa?

Kwanan baya na kira mahaifin wani ɗalibina a nan Fagge, saboda yaron kullum gyangyaɗi yake a kan allo, tafin hannunsa ya yi fari fat. Na ce, "Alhaji, a kai shi asibiti a duba tsutsar ciki." Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wa ya girma ba tsutsa? Jikinsa zai saba." To, wannan magana ce nake so mu yi wa duban tsanaki, domin akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, amma ɓarnarta ta fi yawa.

Gaskiya ne jiki yana faɗa da tsutsa. Ita ta fi ƙarfin a haɗiye ta kamar ƙananan ƙwayoyin cuta, don haka garkuwar jiki sai ta canza dabara. Takan ƙera wani makami da likitoci ke kira IgE, wanda ke manne wa tsutsa, ta kuma yawaita wasu fararen ƙwayoyin jini masu fesa mata guba. Hanji ya ƙara majina, ya ƙara motsi, domin ya share ta waje. Duk sanda aka sake kamuwa, jiki yakan ƙara sanin abokin gaba. Shi ya sa macijin ciki ya fi yawa ga yara 'yan makaranta, ya ragu ga manya.

Amma fa ka lura. Wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya, galibi ya gama da ita har abada. Tsutsa ba haka take ba. Tana fitar da sinadarai masu sanyaya wa garkuwar jiki gwiwa, har jiki ya koma sulhu da ita maimakon yaƙi. Kariyar da ake samu rabi da rabi ce, kuma sai an shekara da shekaru. Ita kuwa tsutsa mai ƙugiya, wadda ke huda fatar ƙafa ta je hanji tana shan jini, ko manya ba su tsira ba. Kafin "sabon" da Alhaji ke jira ya zo, yaro ya biya da jininsa, da tsayinsa, da haddarsa.

Ina suke samo ta? Ba nesa ba. Macen macijin ciki kan saka ƙwai kusan 200,000 a rana, kuma ƙwan na iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. Dubi Jakara, yadda take kwashe ƙazantar birni ta ratsa ta gefen Fagge da Sabon Gari, ana kuma ban-ruwan latas da kabeji da ita a Kwakwaci. Dubi yaranmu ba takalmi a bakin kwata. Ba laifin mai lambu nake gani ba, neman halalinsa yake. Wanke ganye aikinmu ne.

Wani zai ce, "An ba shi magani bara, ga ta ta dawo, ina amfanin?" Na'am, takan dawo, sau da yawa kafin shekara ta zagayo, domin magani yana kashe ta ciki ne, ba ya hana sabuwa shiga. Amma yana rage yawanta, kuma yawan shi ne cutar. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta masu ɗauke da irin waɗannan tsutsotsi sun kai mutum biliyan 1.5, ta ce a riƙa ba yara albendazole ko mebendazole sau ɗaya a shekara inda kashi 20 cikin ɗari suka kamu, sau biyu inda suka haura kashi 50.

Nasihata ga iyaye ita ce: in ma'aikatan lafiya sun kawo maganin makaranta, a yi tambaya, a fahimta, a bari yaro ya sha. A saya masa silifa. A yanke farce. Mu malamai kuma mu koya musu cewa tsarki da buta ya wadatar wa salla, amma ƙwan tsutsa da ya maƙale a hannu sai da sabulu. Kuɗin sabulu ai bai kai na ledar jini ba.

Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya. Wassalam.